Kwamfutar tuƙa jirgin ƙasa: ina ya kamata kuɗin ya fara shiga?

Wasiƙu huɗu na ware a wannan makon, kuma dukkansu a kan abu guda suke: gem ɗin da mutum ke zama a kujerar direban jirgin ƙasa, ya saki birki, ya bi sigina, ya tsaya a tasha a kan lokaci. Na gajarta tambayoyin, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Daga wani ma'aikaci a Kaduna: "Malam, barka da ƙoƙari. Tun da na fara hawa jirgin Abuja aikin direba ya shiga raina, har na sayi Train Sim World a Steam. Kwamfutata Core i7 ce, ram gig 8, kuma wata biyu ke nan da na sa mata katin hoto RTX 3060 mai gig 12. Amma da zarar jirgi ya doshi babbar tasha, sai hoto ya riƙa cijewa yana fizga. Mai shago ya ce in ciko kuɗi a sa mini katin da ya fi wannan. In saya?"

Ɗan'uwa, dakata tukuna, kada ka fitar da ko sisi. Katin da ke hannunka ya isa ya tuƙa wannan gem a allon 1080p ba tare da wahala ba. Ina kyautata zaton matsalar tana wani wurin.

Abin da kake gani yana motsi a allo hotuna ne ake jerowa, 30 ko 60 a daƙiƙa guda. Katin hoto mai fenti ne, shi ke zana kowane ɗaya. Amma kafin ya ɗora burushi sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta (taka ita ce Core i7 ɗin da ka ambata), ta gaya masa abin da zai zana, kuma a gem ɗin jirgin ƙasa aikin da ke kanta ba kaɗan ba ne. Ita ke lissafa iskar birki a kowane tarago, ita ke sauya sigina, ita ke tuƙa sauran jiragen da ke bin jadawalinsu ko kana ganinsu ko ba ka gani, ita ke motsa fasinjojin da ke tsaye a tasha. Sannan ga ɗauko gari. Jirgin da ke gudun kilomita 300 a awa, irin TGV na layin Marseille zuwa Avignon a Faransa, yana cin mita 83 kowace daƙiƙa, kuma dole gidaje da bishiyoyi da turakun lantarki na gaba su fito daga ma'ajiya kafin ka iso gare su. Shi ya sa a daji komai yake tafiya sumul, amma in ka ɗauki layin Landan zuwa Brighton ka doshi Clapham Junction, inda dogo ya yi rassa jirage na shiga suna fita, sai kwamfuta ta fara haki.

Akwai gwajin da ba zai ci maka kwabo ba. Je ka tashar da ta saba cije maka, ka shiga saitin gem ka sauke girman hoto daga 1080p zuwa 720p. In tafiya ta gyaru sosai, katin ne ya gaza. In kuwa hoto ya yi dishi-dishi amma fizgar tana nan yadda take, to mai fenti zaune yake yana jiran umarni. In kana son ganin lambobi da idonka, sauke MSI Afterburner, kyauta ne, zai nuna maka su a kusurwar allo kana cikin tuƙi. Na taɓa zama gefen wani matashi muna kallon nasa: a fili katinsa na aiki kashi 97 cikin 100, muna shiga tasha ya sauko kusan rabi, hotuna kuma suka zube. Nan take ya fasa cinikin katin da ya riga ya yi wa alkawari. Gani ya kori ji.

Ka ce Core i7 ce, amma ba ka faɗi wacce ba, kuma a nan ake yi wa mutane da yawa sakiyar da ba ruwa. Sunan i7 ya daɗe a kasuwa. Akwai i7-3770 ta shekarar 2012, akwai i7-4790 ta 2014, kuma ƙaramar i3-12100 ta 2022 ta fi su duka biyun gudu a irin wannan aiki. Lambar da ke bin bayan sunan ita ce shekarun dokin. Buɗe Task Manager ka duba taka.

Ga yadda zan kashe kuɗin in ni ne. Da farko ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin: gig 8 ya yi kaɗan, mai da shi 16, kuma sanda biyu masu gig takwas-takwas iri ɗaya, domin furosesa ta fi sakewa in tana ɗiba ta hanya biyu. Na biyu, in gem ɗin yana kan tsohon had disk mai juyawa, mai da shi kan SSD, wato ma'ajiyar zamani da ba ta juyawa kuma ta fi sauri. Wannan kaɗai yana rage fizgar da ake ji lokacin da sabon yanki ke shigowa, kuma jiran buɗe layi zai ragu ƙwarai. Sai na uku, in gwajin ya nuna furosesa ce: Ryzen 5 5600 ko i5-12400F sun wadatar kuma ba su da tsada sosai, sai dai ka sani sauya ta yakan nufin sauya madabod, wato farantin cikin kwamfuta da take zaune a kai, wani lokaci har da ram. Mai hali ya nemi Ryzen 7 7800X3D. An ɗora mata ma'ajiyar kusa, wato 'yar ma'ajiya mai sauri da ke cikin furosesar kanta, mai megabait 96, kuma gem masu yawan lissafi irin na jirgin ƙasa da na jirgin sama suna jin daɗinta fiye da kowa.

Gaskiya ɗaya da mai shago ba lallai ya faɗa maka ba: ko ka sayi kwamfutar da ta fi kowacce, ɗan tsaiko nan da can ba zai ɓace gaba ɗaya ba. An gina gem ɗin a kan manhajar ƙera gem mai suna Unreal Engine 4, kuma karon farko da ka bi sabon layi yakan ɗan tsaya ya shirya yadda zai zana abin da bai taɓa gani ba. Tafiya ta biyu takan fi santsi. Kuma ka ɗaure adadin hotunan a wuri guda. Talatin ko arba'in da ba sa motsi sun fi daɗin ido a kan saba'in da ke faɗowa ashirin duk tasha, tunda jirgi kake tuƙawa, ba harbi kake ba.

Daga wata baiwar Allah a Zariya: "Assalamu alaikum. Mahaifinmu tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya yi ritaya, hirarsa kullum ta jirgi ce. Mu 'ya'yansa muna so mu haɗa kuɗi mu saya masa abin da zai riƙa tuƙawa a gida. Laftof ko ta tebur? Wuta ba ta zama a unguwarmu, sola muke da ita ƙarama."

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu yi muku. Wannan wasiƙa ta taɓa ni.

Da wuta tana zama, da ta tebur zan ce ba tare da dogon tunani ba: kuɗi ɗaya ya fi sayen ƙarfi a cikinta, ta fi shan iska, kuma in wani abu ya lalace shi kaɗai za a cire. Amma ku fara da lissafin wuta. Katin RTX 4060 yana jan wat 115, Ryzen 5 5600 kuma an ƙiyasta ta a wat 65. In aka haɗa da sauran kayan ciki da allo, ku sa ran wat 250 ko sama da haka muddin Baba yana tuƙi. Ku kira wanda ya haɗa muku solar ku tambaye shi awa nawa batirinku zai ɗauki wannan bayan fanka da fitilu. In inbatarku ba mai ba da wuta mai tsabta ba ce, irin wadda masu sola ke kira fiyo sayin, kada ku jona mata kwamfuta mai tsada. Ƙaramar UPS kuma ta 'yan mintuna ce kawai, ta ba mutum damar kashewa lafiya.

In solar ba za ta ɗauka ba, laftof ce mafita, domin jan wutarta bai kai haka ba kuma ɗaukewar wuta ba ta kashe ta nan take. Sai dai abu biyu. Laftof ɗin gem tana rage ƙarfinta da kanta da zarar an zare caja, saboda haka kada ku ɗauka Baba zai yi awa uku a kan batiri. Sannan sunan kati ɗaya ba ƙarfi ɗaya ba ne: RTX 4060 na laftof ana iya ba shi wat 35 kacal a siririya, a ba shi har 115 a mai kauri. Ku tambayi wannan lambar kafin ku biya, kuma ku zaɓi mai kaurin.

Ko wacce kuka saya, ku haɗa da babban allo, inci 27 ko talabijin ɗin falo. Agogon gudu da ma'aunin birki ƙanana ne, idon dattijo kuma yana buƙatar sarari. Ku ajiye ta a kan tebur, kada a ɗora a katifa ko darduma. Na taɓa buɗe wata kwamfuta bayan hunturu ɗaya, na tarar ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar audugar katifa, har sai da na sa tsinke na ɗago ta a faifai guda. Mai ita yana ta kukan gem ya lalace, alhali zafi ne ya sa furosesa ta rage gudu don ta tsira. A watan Afrilu, lokacin da ɗaki ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A hure ta duk wata biyu ko uku.

Game da gem ɗin kansa, yawancin layukan Train Sim World na Ingila da Jamus da Amurka ne. Amma Train Simulator Classic, wanda asalinsa ya fito tun 2009 da sunan RailWorks, yana da layin Outeniqua Choo Tjoe na Afirka ta Kudu, kuma faɗin dogon can milimita 1,067 ne, daidai da tsohon layinmu da ya iso Kano a 1911, wanda Baba ya yi wa aiki. Tsohon gem ne, ba ya neman babban kati, furosesa mai gudu yake so. Ina ganin zai fi jin kansa a gida a nan.

Daga Kano: "Malam, kwamfutar da aka riga aka yi amfani da ita zan saya a kasuwa. Me zan duba?"

Kada ka biya sai an kunna ta a gabanka ta yi aiki mai nauyi na minti ashirin aƙalla, kana sauraron fanka kana duban zafi. Manhajar GPU-Z za ta gaya maka ainihin katin da ke ciki, domin akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna. Manhajar CrystalDiskInfo kuma za ta nuna awa nawa ma'ajiyar ta yi tana aiki. Ka guji duk furosesar Intel da ta girmi zubi na takwas: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar waɗanda suka girmi wannan a hukumance. Ƙananan kwamfutocin ofis da ake shigowa da su da yawa suna da araha da ƙarko, amma akwatin wutarsu ƙarami ne, babban kati ba zai zauna a ciki ba. In kuwa haɗa maka za a yi, akwatin wuta ne wurin da ba a neman sauƙi. Na banza in ya ƙone yakan tafi da maƙwabtansa, a nan ne ake cewa sayen nagari mai da kuɗi gida.

Kada kuma ka yarda a loda maka gem ɗin sata a matsayin gyara. Ba ya karɓar sabuntawa, kuma sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa. Na Steam, wato shagon gem na intanet, in ka saya bai yi maka ba, kana iya neman kuɗinka cikin kwana 14 muddin ba ka buga shi awa biyu ba. Sai ka tanadi data, domin gig gommai ne, kowane sabon layi kuma da nasa nauyin.

Daga wani ɗalibi a Maraɗi: "Laftof ɗin karatu kawai gare ni, babu katin hoto. In haƙura?"

A'a, ƙanena. Sauke Open Rails. Kyauta ne, masu sha'awa ne suka gina shi don ya ci gaba da tuƙa layukan Microsoft Train Simulator na 2001, kuma kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi tana ɗaukarsa. Hotonsa bai kai na sababbi kyau ba, amma birkin iska da nauyin taragu da hawan tudu duk suna nan yadda za su koya maka haƙurin direba. Fara da gajeren jirgi a shimfiɗaɗɗen layi, ka kashe inuwa a saiti, ka jona caja, ka ɗan ɗaga bayan laftof ɗin da littafi don iska ta shiga ta ƙasa. In ka iya tsayar da taragu goma daidai bakin tasha sau uku a jere, rubuto mini, sai mu yi maganar abin da za ka fara tara wa kuɗi.