Furen kaktus ya sauya launi: amsoshin tambayoyinku

Daga Jos: Bara na sayi kaktus ɗin Kirsimeti mai fure ruwan ɗorawa, bana sai ya fito da ruwan hoda. Cutata aka yi, ko takin da na zuba ne?

Hajiya, kada ki ɗauki alhakin mai sayarwa, sanyin garinku ne. Kaktus dai dangin tsirrai ne masu kaurin jiki da ke tara ruwa, yawancinsu da ƙaya. Wannan naki, Schlumbergera, asalinsa dazukan kan duwatsu ne na kudu maso gabashin Brazil, inda yake tsirowa a jikin bishiyoyi. Masu farin fure da masu ruwan ɗorawa suna da wani hali: idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 14 lokacin da furen ke ƙullawa, sai ja-ja ya shiga cikinsa. Daren hunturu a Jos kuwa ya kan kai haka har ya wuce. Baɗi, tun kafin ya fara ƙulla fure ki nema masa wuri a cikin ɗaki kusa da taga, ki bar shi a nan. Yawan ɗaga tukunya yana sa ya zubar da furen tun bai buɗe ba. Kada kuma ki kwana da shi ƙarƙashin ƙwan lantarki, don sai ya sami dogon duhu yake yin fure.

Daga Kano: Na shuka irin da na ciro daga kaktus mai jan fure. Bayan dogon jira, wasu fari suka yi, wasu ruwan hoda.

Malam, labarin mangwaro ne: ka shuka ƙwallon ɗan aure, da wuya ka sami irin uwar. Yawancin masu manyan furanni da ake sayarwa, musamman dangin Echinopsis na Kudancin Amurka, haɗe-haɗe ne, ga ƙwari suna ɗauko garin fure daga wannan tukunya zuwa waccan. Idan jan kake so sak, ka ɓalle 'ya'yan da ke fitowa a gindin uwar, ka ajiye su a inuwa kamar mako guda bakin ciwon ya bushe, sannan ka dasa a ƙasa mai yashi da tsakuwa. Kada ka yi gaggawar ban ruwa. Taki kuma ba ya mayar da fari ja, launi gado ne.

Daga Kaduna: Na ga mai shuɗin fure a wurin masu sayar da furanni, da wani mai jan dunƙule a kai. Wanne zan saya?

Shuɗin dai ka bar musu kayansu. Launin furen kaktus daga wani sinadari yake fitowa mai suna betalain, wanda shi ne ke rina jan alayyahu. Yana ba da ja, shunayya, ruwan goro da ruwan ɗorawa, amma ba ya ba da shuɗi na gaskiya. Busasshen fure ne aka rina aka manna da gam. Ka taɓa shi za ka ji yana ƙaras-ƙaras, ka leƙa gindinsa za ka ga ɗigon gam ya daskare tsakanin ƙayoyi, kuma wata uku yana nan bai yi yaushi ba. Na Echinopsis na gaske da dare yake buɗewa, kwana ɗaya ko biyu ya langaɓe.

Jan dunƙulen ma ba fure ba ne, jikin wani kaktus ne, Gymnocalycium, da ya rasa koren da tsiro ke haɗa abinci da shi. A Japan aka fara yaɗa shi, yanzu Koriya ta Kudu ce ke fitar da mafi yawansa. Aure aka yi masa a kan wani koren kaktus da ke ciyar da shi, shi ya sa ba ya daɗewa, 'yan shekaru ne auren ya rabu. In ka saya don ado, ka kare shi daga ranar tsaka, don ƙonewa yake yi, kuma kada ka ba shi ruwa sai ƙasar tukunyar ta bushe ƙarau.