Hukuncin sallar wanda ya bar babban birni zuwa tsibiri mai nisa a teku

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina zaune a wani babban birni, kuma wurin aikina zai tura ni wani ɗan tsibiri can tsakiyar teku, a yankin da ake zafi da yawan ruwan sama, na tsawon kwana 12. Zan hau jirgin sama zuwa wani gari na bakin teku, daga nan jirgin ruwa na kusan yini guda, sannan kwalekwale mai inji. An ce min Musulmin tsibirin ba su da yawa, ruwan daɗi ma sai wanda aka tara na sama. Yaushe zan fara ƙasaru, kuma zan ci gaba da ita har in dawo? Yaya zan yi salla a jirgin ruwa? Alwala da ruwan gishiri ta inganta? Juma'a fa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya kai ka lafiya, ya kuma saka maka da alheri da ka tambayi sha'anin sallarka tun kafin ka ɗaure kaya.

Asalin ƙasaru yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 101, kuma a mazhabar Imam Malik sunna ce mai ƙarfi ga wanda ya yi tafiyar halal ta buridi 4, wato mil 48, abin da malaman zamani suka ƙiyasta da kilomita 80 da 'yan kai. A cikin Muwaɗɗa an kawo cewa Ibn Abbas yana yin ƙasaru a tafiya irin ta Makka zuwa Ɗa'ifa, ko Usfan, ko Jidda. Taka ta fi haka nesa ba kusa ba, kuma teku da tudu ɗaya suke a wannan babi. Azahar, La'asar da Isha'i ne ake mayarwa raka'a biyu. Magariba da Asuba suna nan yadda suke.

Ba a fara ƙasaru da niyya kawai, ko da ficewa daga ƙofar gida. Sai mutum ya bar gine-ginen garinsu a bayansa. Anas ɗan Malik ya ce ya yi Azahar raka'a huɗu tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madina, ya yi La'asar raka'a biyu a Zul Hulaifa, wani wuri da ke wajen Madina. Mazauna manyan birane suna yawan kuskure a nan, domin mutum kan yi awa biyu a cunkoson motoci ya ɗauka ya zama matafiyi, alhali unguwanni ne manne da juna. Don haka ka dubi filin jirgin samanku. In gidaje sun kewaye shi, ka cika sallarka a can. In kuwa sai an fita gari an ratsa fili kafin a kai gare shi, kuma tashinku ya tabbata, ka yi ƙasaru.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne maganar zamanka a tsibirin. Mutane da yawa suna ganin muddin wuri na da nisa, babu dangi, babu jin daɗin gida, to su matafiya ne har ranar da suka koma. Malamai ba su rataya hukuncin a kan kewa ko nisa ba, sun rataya shi a kan niyyar zama. A wajen Malik, wanda ya ƙudurta zaman kwana 4 cikakku a wuri ɗaya hukuncin tafiya ya yanke masa, kuma maganar Shafi'i da Ahmad tana kusa da haka. Hanafawa sun kai iyakar kwana 15, wasu malamai irin su Ibn Taimiyya kuma ba su sa iyaka ba matuƙar mutum bai mayar da wurin mazauni ba. Saɓanin tsoho ne, ba a aibata wanda ya bi ɗaya daga ciki da ilimi. Amma kai ka san kwana 12 za ka yi tun kafin ka tashi, za ka sauke kaya, ka samu ɗaki, ka riƙa fita aiki kana dawowa. Fatawata gare ka ita ce ka cika salla daga lokacin da ka shiga ƙauyen da za ka sauka a tsibirin, ka koma ƙasaru ranar da ka bar shi. Wannan shi ne maganar mafi yawan malamai, kuma shi ya fi kuɓutar da wuyanka.

Akwai wata sura dabam da ake yawan samu a irin wannan tafiya. Ka iso garin bakin teku, igiyar ruwa ta yi ƙarfi, an hana jirage tashi, kullum ana cewa sai gobe. A nan kana ƙasaru komai daɗewa, tunda ba ka ƙulla niyyar zama ba. Jabir ya ruwaito cewa Annabi ya yi kwana 20 a Tabuka yana ƙasaru. Sai dai duk inda ka bi limami mazaunin gari, ka cika tare da shi.

Salla a jirgin ruwa ta inganta. A babban jirgi za ka samu wurin tsayuwa, to ka tsaya, ka fuskanci alƙibla, in jirgin ya karkata kai ma ka juya da shi gwargwadon iko. In bene yana tangaɗi ka dafa ƙarfe ko bango. In jiri da tashin zuciya sun kama ka, ko kana tsoron faɗawa ruwa, ka zauna, domin Annabi ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe.

Haɗa salla biyu kuwa yana buƙatar bayani. Mashahurin zance a Malikiyya, kamar yadda Shaihu Khalil ya kawo a Mukhtasar, shi ne rangwamen haɗin na tafiyar tudu ne, ban da teku. Shafi'awa da Hambalawa ba su bambanta ba. Abin da nake gani shi ne, a babban jirgi ka yi kowace salla a lokacinta, ko ka jinkirta Azahar zuwa ƙarshen lokacinta ka yi La'asar a farkon nata. Kwalekwale kuwa sha'aninsa dabam ne: mutane a matse gwiwa na gugar gwiwa, ruwa na fantsama, ƙarƙashin ƙafa duk jarkokin mai da kaya, ko sujada babu inda za a yi. In za ku tashi bayan rana ta karkata, kuma ka san ba za ku sauka ba sai ta faɗi, ka haɗa Azahar da La'asar a gaɓa kafin ka hau. Salla da cikakken ruku'u da sujada a kan maganar manyan malamai ta fi salla da nuni cikin firgici. Kuma ka sa rigar ceto, ka bi umarnin matuƙi. In masana ruwan sun ce yau ba ranar tafiya ba ce, kada ka matsa, Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a Suratul Baƙara, aya ta 195.

Tambayarka kan alwala an riga an yi wa Annabi ita. Abu Huraira ya ruwaito cewa wani mutum ya ce suna hawa teku da ɗan ruwa kaɗan, in sun yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su. Annabi ya amsa cewa teku ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta halal ne. Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa, haka Abu Dawuda da Tirmizi. Ka yi alwala da wankan janaba da ruwan teku, ka bar wa mutanen tsibirin ruwan shansu. Taimama ba ta halatta gare ka ga teku a gabanka, sai in isa gare ta na da haɗari ko kana da ciwon da ruwa zai cutar. Hadisin ya kuma sauƙaƙa maka abinci, domin a wajen Malik dabbobin ruwa duka halal ne.

Ka lura da lokuta. Rana ta inda kake ake bi, ba agogon garin da ka baro ba, don haka ka gyara manhajar wayarka kafin sabis ya ɗauke. A yankunan da ke kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, dare da rana kusan daidai suke duk shekara, kuma duhu na saurin rufewa bayan faɗuwar rana, saboda haka kada ka yi sakaci da Magariba. Alƙibla kuma, in akwai masallaci ka bi mihrabinsa. In babu, ka yi ƙoƙarinka da kamfas ko mafitar rana. In daga baya ka gano ka kauce sosai, an so ka sake matuƙar lokaci bai fita ba.

Juma'a ba ta wajaba a kanka kana kan hanya. Bayan ka sauka da niyyar zama, in mutanen tsibirin suna da masallacin Juma'a, wajibi ne ka halarta, ko da yake ba a lissafa ka cikin mutum 12 mazauna wurin da Malikiyya suka sharɗanta ban da liman. In ba a yin ta a can, kada ku taru ku uku ko huɗu baƙi ku ce za ku yi huɗuba. Ku yi Azahar raka'a huɗu, cikin jam'i in ya samu.

Allah ne mafi sani.