Likita Ya Amsa: Gudu a Tuddan Gadarif da Hanyoyin Gonaki

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 mutanenmu da yawa suka bar Khartum da Wad Madani suka koma ƙauyukan iyaye. Wanda ya saba da filin ƙwallo yanzu hanyar tarakta ce filinsa. Na ji daɗin ganin ba a daina motsa jiki ba, kuma tambayoyin wannan makon duk a kan haka suka zo.

Tambaya: Shekarata 24, a Gadarif nake. Bayan asuba ina gudu a hanyar gonaki mai hawa da sauka. Hawa ba ya damuna, amma da na fara gangarowa sai gaban gwiwata ya ɗau zafi, washegari ko sujada da ƙyar.

Amsa: Ƙanena, kowa tudu yake tsoro, alhali gangara ce mai cin gwiwa. A hawa huhu da zuciya ne ke shan wuya, kana tsayawa sun huce. A gangara naman gaban cinya ne birkinka, yana tare nauyin jiki a daidai lokacin da yake miƙewa. Shi ya sa tsamin yake fin tsanani bayan kwana 1 zuwa 3, sannan ya lafa da kansa. Zafin gaban gwiwa kuwa yawanci ƙoƙon gwiwa ne ke matse ƙashin cinya.

Ka gajarta taku. Kada ka jefa ƙafa can gaba ka dira da dunduniya, kada kuma ka karkata baya. Na mako 3 ka hau da gudu, ka sauko da tafiya. A gida ka jingina da bango kamar mai zama a kujerar da babu ita, daƙiƙa 30, sau 5. Ka kuma lura da ƙasarku: baƙar lakar Gadarif da rani takan tsattsage har ƙafa ta faɗa, sawun tarakta in ya bushe ya fi dutse iya gurɗe idon sawu, don haka ka bari gari ya yi haske. In gwiwar ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko tana sakinka, a duba ta a asibiti.

Tambaya: Ɗana mai shekara 17 yana gudu da abokansa a gonakin bayan Mai Wurno, wata rana da silifa, wata rana ba takalmi. Wata 8 ke nan da ƙaya ta soke shi. Yanzu akwai kumburi kamar dabino a gefen ƙafar, ba ya zafi. An ce mu kai wa wanzami ya yi sakiya.

Amsa: Hajiya, don girman Allah kada a kai shi wajen wanzami, kada a tsaga, kada a ɗora wuta. Ban ga ƙafar ba, tana iya yiwuwa guntun ƙaya ne ya saura nama ya rufe shi. Amma kumburi mai tauri, marar zafi, a ƙafar yaron da ke yawo a gonakin Sinnar, abin da muke fara tunawa shi ne maisetoma, wanda mutanen nan ke kira nabit. Ƙwayar cutar a cikin ƙasa take zaune, ƙaya ce ke buɗe mata ƙofa. Sinnar da Jazira da Farin Nilu suna cikin wuraren da ta fi yawa a duniya, shi ya sa Jami'ar Khartum ta kafa mata cibiyar bincike tun 1991, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Rashin zafin nan shi ne sharrinta. Na taɓa kwance wa wani manomi tsumma a ƙafa, shekara 4 yana fama. Ƙafar ta yi biyun ɗayar, duk ramuka ƙanana, in an matsa sai ruwa ya fito da baƙaƙen ƙwayoyi kamar habbatus sauda. Ya ce mini, "Likita, ai ba ta taɓa hana ni noma ba." Hoton ƙashi ya nuna ta riga ta cinye ƙasusuwan tafin, ba abin da ya rage sai yankewa. Har yau ina tuna yadda ya riƙa shafa gwiwarsa yana kallon bango. Da tun tana kamar dabino ya zo, ƙaramin aiki da magani sun isa.

Cutar iri biyu ce. Wadda naman gwari ke haddasawa ita ta fi yawa a Sudan, maganinta itraconazole na watanni masu yawa, sau da dama har shekara, tare da tiyata. Ɗayar kuma ta bakteriya ce, tana jin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Gwaji ne kaɗai ke bambancewa, saboda haka kada a sayi magani a kemis da ka. Ku nemi likitan tiyata a cikin makon nan, a yi hoton sauti irin wanda ake wa masu ciki, a ɗebi samfur. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kada a ware masa kwano. Abokan gudunsa kuma a gaya musu: takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa, ko na gwanjo ne. Wanda ƙaya ta soka ya cire ta duka, ya wanke da sabulu, ya duba ko allurar tetanas ɗinsa ta daɗe.

Tambaya: Shekarata 58, ina da hawan jini da sukari, ina azumin Litinin da Alhamis. Zan iya bin yara gudu?

Amsa: Baba, za ka iya, amma ba da gudu za a fara ba. A auna jininka tukuna, likitanka ya ga magungunan. Sai ka fara da tafiya mai sauri a miƙaƙƙiyar hanya, minti 30, kwana 5 a mako. Ka cika minti 150 da ake so ke nan. Bayan wata guda a ƙara tudu ɗaya. Ma'aunin mai sauƙi ne: in kana iya hira kana tafe, daidai ne, in kalma ta gagara, sassauta. Ranar azumi ka huta, musamman in kana shan glibenclamide ko kana allurar insulin, domin sukari na iya faɗuwa kana tsakiyar daji. Sauran ranaku sa dabino 3 a aljihu da gorar ruwa. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, rana na ɗagawa ka kasance a inuwa. Nauyi a ƙirji, jiri, ko numfashin da bai yi kama da na gajiya ba: tsaya nan take, a kai ka asibiti. Kowane dare ka duba tafin ƙafarka, mai sukari kan taka ƙaya bai sani ba.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a wani ƙauye a gaɓar kogin Rahad. Mu mata ba ma sakewa sai rana ta faɗi, sai mu bi ta cikin itatuwan ƙaya na talha muna sassarfa. Mako 3 ke nan ɗayarmu tana zazzaɓi, maganin maleriya bai yi mata ba.

Amsa: Malama, a yi mata gwajin kala-azar gobe. Gaɓar Rahad da ta Atbara gidan cutar ne. Wani ɗan ƙuda ne ke kawo ta, bai kai sauro girma ba, ba ya kuka, yana son kurmin talha da aduwa da tsagaggiyar laka, kuma daga faɗuwar rana yake cizo, ya fi yawa a ƙarshen rani. Alamunta zazzaɓin da ya wuce mako 2, rama, da kumburin saifa a hagun ciki. Da ɗigon jini ake gwajin farko. Maganin da aka saba bayarwa allurai ne iri biyu na kwana 17, kuma ana warkewa. In an bar ta, kusan kowa tana kashewa. In abokiyar taku tana da ciki ta faɗa tun a bakin ƙofa, domin za a sauya mata magani.

Na san kunya ce ta kai ku cikin duhu, ban kuma ce ku daina ba, domin jikin mace ma yana da haƙƙi. Ku mayar da fitar bayan asuba in gari ya waye, a fili nesa da kurmi, da wando da safa a ƙarƙashin mayafinku na tob. Da magariba ma kububuwa da kunama suke fitowa.

Tambaya: Mun dawo ƙauyenmu kusa da Jabal Moya. Akwai wata hanya ta gindin dutsen da nake son gwadawa.

Amsa: Ɗan'uwa, an gwabza faɗa a nan a 2024, kuma harsashin da bai fashe ba yakan jira shekaru a cikin ciyawa. Bi hanyar da motoci da garken dabbobi ke bi kullum, kada ka ratse ko don fitsari. In ka ga ƙarfen da ba ka sani ba, kada ka taɓa, kada ka jefe shi da dutse. Koma ta sawunka, ka sanar da mai gari, a hana yara zuwa wurin.