Amsa ga 'yar'uwar da ke son kai Hajiyarta lambun fadar shugaban ƙasar Indiya

Wa'alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, ya mai jiki? Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Na ga tambayarki cewa kuna jinya a Delhi, an sallame ku daga asibiti kuna jiran ranar komawa ganin likita, Hajiya ta gaji da zaman ɗaki, kina son kai ta lambun nan na Rashtrapati Bhavan, wato fadar shugaban ƙasa, wanda ake kira Amrit Udyan, kuma wani ya ce zai samo muku tikiti idan kin ba shi kuɗi. Wallahi ina zuwa kan maganar tikitin nan sai da gabana ya faɗi, don abin da aka yi mana ke nan lokacin da na yi jinyar Babanmu.

Kada ki ba kowa ko rupi ɗaya. Shiga lambun kyauta ne. A shafin intanet na fadar ake yin rajista, ki zaɓi rana da lokaci, a turo miki shaida a waya, shi ke nan.

Mu wanda ya cuce mu ɗan gida ne, shi ya fi ƙona min rai. Irin yaran nan da ke shawagi a bakin asibitoci suna tafinta, Hausa a bakinsa tangaran, yana ce wa Babanmu "Baba" yana durƙusawa har ƙasa. Ya ce ai gidan shugaban ƙasa ne, baƙo ba ya shiga sai da hanya, shi kuwa yana da mutum a ciki. Ya karɓi kuɗinmu, kuɗin da muke lissafawa na magani, ya ce mu shirya ranar Litinin. Litinin fa! Ranar da ake rufe lambun don gyara, kuma ya sani sarai, don ba yau ya zo garin ba. Ya sa mai keke ya sauke mu ta gaban fadar, ya ce yana tafe. Muka tsaya da tsoho mai ɗinki a ciki, ba wurin zama, rana ta fara zafi, ina kiran wayarsa tana ta ringin. Babanmu bai ce uffan ba, sai dai ya dafa sandarsa yana jan carbi, can ya ce "Mu koma, wataƙila wani uzuri ne ya riƙe shi." Wannan uzurin da ya nema masa ne ya sa ni kuka a cikin keke. Da na haɗu da shi bayan nan a harabar asibiti, ko kunya babu, wai shugabar ƙasa ce ta yi baƙi shi ya sa aka rufe. Har yau ban yafe ba, Allah ya isa. Na san akwai masu tafinta na kirki a cikin zauren nan, ba da ku nake ba.

To, daga baya wata ɗalibar da ke karatun harhaɗa magunguna ta yi mana rajistar a wayarta muka je. Ƙofa mai lamba 35 ake shiga, ta wajen North Avenue, ba ta gaban fadar ba. Ki nanata wa direba wannan, don da yawansu suna jin sunan fadar sai su nufi gaba. Idan ya yi kamar bai gane Amrit Udyan ba ki ce masa Mughal Garden, tsohon sunan ke nan, a Janairun 2023 aka canza, har yanzu bakin mutane bai saba ba. In ta jirgin metro ne, tashar Central Secretariat ce kusa, amma da mai ɗinki ni ban ba ki shawarar metro ba, turereniya ta yi yawa.

Ba kullum yake buɗe ba fa. Daga Fabrairu zuwa Maris ake buɗewa, lokacin furanni, sai kuma 'yan shekarun nan suna ƙara buɗewa wajen Agusta zuwa Satumba. Ki duba ranakun bana kafin ki sa wa Hajiya rai.

Abin da zan roƙe ki, ki tafi da keken tura marasa lafiya ko da Hajiya ta ce za ta iya. Za ta ce za ta iya, duk haka suke. Lambun ya kai eka 15, kuma tun daga ƙofa akwai tafiya kafin a kai ainihin wurin. Babanmu ma da farko ya ƙi hawa, wai shi ba gurgu ba ne, muna wuce wajen ƙananan bishiyoyin nan na bonsai da kansa ya nemi keken.

Amma wurin ya cancanci wahalar. Baturen da ya zana fadar, Edwin Lutyens, shi ya tsara lambun a kan salon lambunan sarakunan Mugal na Kashmir da na Taj Mahal, aka yi dashe a 1928 zuwa 1929. Magudanan ruwa huɗu ne, biyu sun miƙe biyu sun gitta, inda suka haɗu an yi maɓuɓɓuga shida da jan dutse mai siffar ganyen bado. Babanmu manomi ne, furannin ba su dame shi ba kamar yadda aka bi da ruwan, ya yi ta cewa wanda ya yi wannan ya san fadama. Ni kuwa dogon lambun wardin nan ne ya tafi da ni, kowane iri da allon sunansa, har da mai sunan Abraham Lincoln da Mother Teresa. Daga nan sai zagayayyen lambun da ke ƙarshe, furanni hawa-hawa suna gangarawa zuwa tafki a tsakiya. In furen tulif take son gani ku je cikin Fabrairu, ba ya jure zafi.

Ku tafi da safe, kuma ba Asabar ko Lahadi ba, cinkoso ne. Ki tambayi likitanta tukuna, musamman in tana shan maganin da ke rage garkuwar jiki, ki sa mata takunkumi. Ki riƙe fasfo ɗinku. Kada ki ɗauki babbar jaka ko kular abinci, akwai bincike a ƙofa, ta ci ta sha maganinta tun a masauki.

Af, da na tuna, shi wannan da ya ce zai samo miki tikitin, shi ne ke karɓar muku magani a kanti? In shi ne, ki fara karɓar rasit da hannunki, ki kuma kai takardar likita wani kantin ki ji farashi. Namu ta nan ma ya ci mu, sai da muka kusa tahowa gida na gane. Ki yi min magana ta akwatin saƙo in haɗa ki da ɗalibar nan, tana Delhi har yanzu.