Amsa: Injin jirgin ƙasa na wasa na Hornby Dublo yana gurnani amma ba ya tafiya

Ɗan'uwa, ka ce injin naka na Hornby Dublo mai layi uku yana gurnani yana ɗaukar zafi amma ya ƙi motsi. Don Allah ka daina ba shi wuta tukuna, in ka ci gaba amecha, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke juyawa a cikin injin, ce za ta ƙone, ita kuwa samunta sai an sha wahala.

Buɗe murfin ka duba tsohon giris ɗin nan da ke jikin giya, yawanci ya daskare kamar ƙaro, ka goge shi da auduga da sifirit, sannan tagullar da burushin kabon ke gogawa ita ma ka wanke ta ka bi tsagunta da tsinken sakace har baƙin ya fita, kar ka sa sanfefa. Mai kuma ɗigo ɗaya na keken ɗinki a kowane bari (mazaunin da ƙarfe ke juyawa a ciki) ya isa, kar ya taɓa burushi.

In duk ka yi haka yana nan da zafinsa, to maganaɗisun injin ne ya yi rauni, ciwon waɗannan injinan kenan, kuma kar ka cire shi haka kawai don yana ƙara mutuwa. Wutar ma ka tabbatar DC ce, bolt 12, ba irin taransifomar jiragen wasa na kamfanin Märklin mai AC ba.