Ku Tambaya Mu Amsa: Yini ɗaya a Tokiyo da ƙafa, zai yiwu kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam mai wannan shafi, da fatan kana lafiya da iyali. Ni ma'aikacin gidan gona ne a nan Damagaram, an zaɓe ni cikin waɗanda za su je sitaj na sati uku a Japon cikin watan Nuwamba, kuma an ce mana ranar Asabar ɗaya za a bar mu a Tokiyo kowa ya yi abin da yake so. Ni wallahi ina son in taka garin da ƙafata in gani da idona amma ina jin tsoron ɓata, ga maganar salla da abinci, kuma kuɗin aljihun ba su da yawa. Ta ina zan fara?
Ƙaninka daga unguwar Birni.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a wannan tafiya. Zai yiwu mana, amma da sharaɗi, ka cire wa ranka cewa za ka ga Tokiyo duka. Garin da kewayensa mutum wajen miliyan 37 ne, sun fi mutanen Nijar gaba ɗaya, wanda ya ce sai ya leƙa ko'ina a yini guda to a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa zai ƙare yininsa. Ka ɗauki ɓangaren gabas, tsohon gari, ka taka shi a hankali, kuma lokutan salla su ne za su tsara maka hanya.

Dalili kuwa, a Nuwamba rana na saurin faɗuwa a can. Azahar na shiga tun wajen 11:30 na safe, la'asar wajen biyu da ƴan mintoci, kafin biyar na yamma an yi magariba duhu ya rufe. Kuma tunda za ka zauna fiye da kwana huɗu, a Malikiyya babu ƙasaru, cika sallarka za ka yi. Alƙibla kuma yamma ce da ɗan karkata arewa, kar sabo ya sa ka nemi gabas.

To ka fito da sassafe, ƙarfe 7:30 ya same ka a Asakusa. Layin jirgin da ake kira Ginza a nan yake ƙarewa, kuma guntun da ke tsakanin Asakusa da Uweno tun 1927 yake aiki, shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a nahiyar Asiya. Kana fitowa za ka ga wata babbar ƙofa da ƙatuwar fitilar takarda ja a rataye, daga nan layin ƴan shaguna ne mai tsawon mita 250 har zuwa Sensoji, wurin ibadar mabiya Buda da ya fi kowane tsufa a garin, tarihinsa ya kai ƙarni na 7. Bama-baman Amurka sun ƙone shi a Maris 1945, babban ginin da za ka gani a 1958 aka sake tayar da shi. Shiga harabar kyauta ne. Na san zuciyarka za ta ɗan yi ɗar, ni abin da nake gani shi ne ka tsaya a matsayin mai kallon gini da tarihi, mutane na jan hayaƙin turare zuwa jikinsu suna jefa kuɗi suna sunkuyawa, kai ba ruwanka da wannan, kuma ba wanda zai ce maka don me. Amma ka girmama su, kar ka tura wa mai ibada waya a fuska. In har ranka bai kwanta ba ka tambayi malaminka kafin ka tashi, ko ka tsaya daga bakin ƙofa, ba ka rasa komai ba.

Daga nan ƴan mintoci ne zuwa bakin kogin Sumida, can tsallake za ka hango hasumiyar Skytree, mita 634, an buɗe ta a 2012. Hawanta da tsada, ka ɗauki hoto daga kan gada ka wuce.

Sai ka juya yamma ka miƙe zuwa Uweno, wajen kilomita 2 ne kuma ƙasa shimfiɗaɗɗiya ba hawa ba gangara. A tsakiya za ka ratsa Kappabashi, titin da ba a sayar da komai sai kayan girki, tukwane, wuƙaƙe, kwanuka, har da abincin roba da masu gidan abinci ke jerawa a gilashi, sai ka rantse na gaske ne. Ka yi sa'a Asabar ce don Lahadi da yawansu a rufe suke. Nan ne wurin tsarabar uwargida. A Uweno akwai babban lambu da tafki da gidan tarihin ƙasa wanda aka kafa a 1872, in ka shiga shi kaɗai zai cinye maka awa uku, don haka ka zauna a benci ka huta kawai.

Inda nake so ka daɗe shi ne Ameyoko, kasuwar da ke bin gindin gadar jirgi daga Uweno zuwa Okachimachi. Bayan yaƙin duniya na biyu ta fara a matsayin kasuwar bayan fage lokacin da abinci ya yi wuya, yau kuma kifi ne da busassun kaya da takalma da turare, masu kaya na ɗaga murya suna kiran ciniki, jirgi na wucewa ta saman kanka, nan ne kawai za ka ji kamar ka shiga Kasuwar Dole. Akwai Turkawa masu nama a burodi da alamar halal a manne, ka ci abincin ranarka a wurinsu. Kuma kusa da nan a Okachimachi akwai masallacin As-Salaam, ka sa sunan a taswirar wayarka tun daga masauki, ka yi azahar a can.

Maganar abinci ka kula sosai. Taliyar nan tasu mai romo galibi da ƙashin alade ake dafa romon, kuma suna zuba giyar shinkafa a miya da yawa ko da ta kifi ce. In ba ka ga alamar halal ba, ƙananan kantuna irin su 7-Eleven da Lawson suna kowane lungu dare da rana, ka sayi ayaba da dafaffen ƙwai da madara. Ruwan famfo ana sha.

Bayan azahar ka ci gaba kudu, za ka ratsa Akihabara unguwar kayan lantarki, sannan tashar jirgin Tokiyo mai jan bulo ta 1914, gabanta kaɗan fadar sarkinsu ce da ganuwar dutse da ruwa kewaye da ita. Cikin fadar ba a shiga haka nan, amma lambun gabas a buɗe yake kyauta in ba Litinin da Juma'a ba. Zuwa lokacin ƙafarka ta gaji, to ka hau jirgi. Daga tashar Otemachi layin Chiyoda zai kai ka Yoyogi-Uwehara ba canji, in ka sauka tafiyar minti biyar da ƙafa sai ga babban masallacin Tokiyo. Musulmi Tatar da suka gudo daga Rasha ne suka gina na farko a 1938, wannan na yanzu Turkiyya ta gina aka buɗe a 2000, da kubba da hasumiya da rubutun ayoyi a bango. Ka yi ƙoƙari ka isa kafin 3:30 ka samu la'asar, ka jira magariba cikin jam'i. In da sauran ƙarfi ka ƙarasa Shibuya da dare ka ga mahaɗar nan da mutane ke tsallakawa ta kowace kusurwa lokaci guda.

Ɓata kuwa kar ya dame ka, sunayen tashoshi an rubuta su da boko kuma kowace da lambarta, ga ƴan rumfunan ƴan sanda kusa da tashoshi, nuna hanya na cikin aikinsu. Ka riƙe katin otal ɗinka, fasfo kuma dole ya kasance a jikinka, doka ce ga baƙo. Ka sayi katin shiga jirgi na Suica ko Pasmo ka zuba masa kuɗi, ka huta da lissafin tikiti. Motoci ta hagu suke bi, in za ka tsallaka fara duba dama. Kwandon shara ba shi da yawa a titi, ka sa leda a jaka. Rigar sanyi da takalmin da ka saba da shi, kar ka sa sabo. Kuma suna gabanmu da awa 8, in ka kira gida da safen can mutane na barci.

TAMBAYA: Malam, mijina ma zai je Japon, na so in haɗa masa kilishi da dambun nama don an ce abincinsu da wuyar ci. Ya halatta a shiga da shi?
Wata ƴar'uwa daga Zango.

AMSA: Hajiya ki yi haƙuri, kar ki sa masa a jaka ko ɗan ƙanƙane. Japon ta hana shiga da nama da duk abin da aka yi da nama, busasshe ne ko dafaffe, saboda tsoron cututtukan dabbobi, har karnuka gare su a filin jirgi masu shinshina kaya, kuma tarar na iya kai yen miliyan 3 ko ɗauri. Ki yi masa kilishin ya ci a hanyar Yamai, ya tabbata ya ƙare kafin ya hau jirgi.