Me ya sa ƙwayoyin suke cunkushewa maimakon su jeru?

Ɗan'uwa, ka ce a kwaikwayon kwamfuta da kake gudanarwa da manhajar LAMMPS, ƙwayoyin zinaren da aka lulluɓe da DNA suna cunkushewa kamar gudajin tuwo, ba sa jeruwa su zama kiristal. Yawanci saurin sanyayawa ne ke jawo haka.

Zaruruwan DNA suna kama juna ne a ƙasa da wani ma'aunin zafi, su saki a samansa, tazarar kuwa 'yar kaɗan ce domin zaruruwa da yawa ke riƙe kowace ƙwaya lokaci guda. In ka yi ƙasa sosai, duk wadda ta manne ba ta sake motsi ta gyara mazauninta. Fara gano wannan ma'aunin zafin da zaruruwan ke saki, ka tsaya dab da shi a ƙasa, ka bar kwaikwayon ya daɗe. Nan aikin yake.

Duba tsarin ma. A gwaje-gwajen 2008 na ƙungiyoyin binciken masana Mirkin da Gang, ƙwayoyi iri biyu masu kama juna sun ba da jerin kiristal da ake kira bcc (ƙwaya a kowace kusurwar kubu, da ɗaya a tsakiyarsa). Iri ɗaya mai kama kansa ya ba Mirkin jerin fcc (ƙwaya a kowace kusurwar kubu, da ɗaya a tsakiyar kowace fuskarsa).

Kada ka yarda da ƙaramin akwatin kwaikwayo, yakan nuna jerin da babu shi. Ka riƙa ajiye fayil ɗin ci gaba, ka san halin wutar Legas.

In kwatanta ƙarfin fcc da bcc kake so, ido ba zai raba maka ba. Je sashen fiziks ko kemistiri na Jami'ar Legas da ke Akoka, ka nemi malamin da ya san lissafin 'yantaccen makamashi (free energy), wanda ke nuna jerin da ya fi dorewa.